Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗanmu mai neman kujerar asambulman, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, a Nima, Accra

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ɗana, ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Ka gaida mini Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Ka yi haƙuri ban kira ka Honarabul ba. Yaran da ke bin ka da ganga sun riga sun raɗa maka, mu kuwa sai an ƙirga ƙuri'a.

Ni ce mai koko da ƙosai ta bakin tsohon lungunku, wadda ka sha tsayawa a gabanta da kofin roba kafin ka wuce makaranta. Shekarata 31 a kan wannan teburin. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Mu 46 ne a adashinmu na ranar Lahadi: masu wace (shinkafa da wake), masu tuwon zafi, masu kitso, teloli, da matan da mazansu suka rasu suka bar musu marayu. Bayan taron da ka kira ranar Asabar a harabar makarantar allo, mun zauna an karanta mana takardar da ka raba, suka ce tunda ni ce magajiya, ni zan amsa. Jikata ce ke buga mini a waya, ni ina faɗa. Mun sa wasiƙar a fili ne don sauran 'yan takara su ma su gani, kada wani ya ce bai ji ba.

Taken takardarka ya yi mana daɗi: unguwa mai tsaro, unguwa mai tausayi. Babu uwar da za ta ji wannan ta ƙi cewa amin. Manyan alkawuranka uku ne. Za ka sa kyamarori a mashigan unguwa, za ka ɗebo samari daga bes-bes, wato majalisun hirarsu, ka kafa rundunar sintiri, kuma duk azumi za ka raba wa tsofaffi shinkafa da suga. A wurin taron maza tara suka yi magana. Mu muna can baya a kan benci, hannunmu a sama har ya gaji, aka ce lokacin sallah ya yi. To ga abin da muka so faɗa.

Ni ƙarfe uku na dare nake tashi, domin ƙullun ƙosai ba ya jira. Saboda haka na san Nima a lokacin da kai da masu rubuta maka takarda kuke barci. A gidanmu ɗakuna 14 ne, ban-ɗaki babu ko ɗaya. Wanda ake da shi tun zamanin mai gidan na farko, magada sun mai da shi ɗakin haya. Duk wanda ciki ya matsa sai ya kama hanyar ban-ɗakin gwamnati, ya biya kuɗi, ya bi layi. Daga ƙofarmu zuwa can sai an sha kwana huɗu, kuma a kwanan nan huɗu fitila ɗaya ce ke ci, ita ma ta wani mai shago ce, idan ya rufe ya kashe abarsa. Sandar fitilar gwamnati tana nan tsaye, kwanta ya mutu tun kafin babbar sallar bara.

Watannin baya jikata, wannan da ke buga wasiƙar, cikinta ya murɗa wajen ƙarfe huɗu saura. Shekararta 16. Na sauke mai daga wuta, na ɗauki tocila da muciya na raka ta. A kwana ta uku, inda lungun ya matse har sai mutum ya karkata kafaɗa, muka iske samari biyu zaune a kan matakalar wani gida, idanunsu a juye. Ɗayan ya miƙe ya tare hanya, bai ma gan ni ba sai da na haska masa fuska na kira sunan uwarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya." Na san shi, na san ranar sunansa, ni na soya ƙosan da aka ci. Amma ka ɗauka ita kaɗai ce ta fito. Tun daga ranar, 'yan matan gidanmu ba sa shan ruwa bayan isha'i, waɗansu kuma a leda suke yi su jefa gwata da asuba. Ba daɗin faɗa, amma ka ce kana son ka san matsalar unguwa.

Yanzu ka faɗa mini, kyamarar da ke bakin babban titi me za ta gani a wannan kwanar? Kuma ko ka kawo ta cikin lungun, a duhu me za ta ɗauka? Wa zai zauna yana kallonta, wa zai biya wutarta, wa zai gyara ta idan ta lalace, a unguwar da kwan fitila ya fi shekara ba a canza ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu inda ke mana yoyo shi ne tsakanin ƙofar gida da ban-ɗaki, daga ƙarfe goma na dare zuwa kiran assalatu.

Maganar rundunar sintiri ita ta fi tayar mana da hankali, a kanta muka fi daɗewa ranar Lahadi.

Ba mu ƙi samarin bes ba. 'Ya'yanmu ne. A bes ake shan ataya, a yi musun ƙwallo, a haɗa kuɗi idan wani zai yi aure ko an kwantar da uwar wani. Ranar jana'iza su ne masu ɗaukar makara, ranar ruwa su ne masu fitar da tsofaffi. Amma kai ma ka sani bes ba ɗaya ba ne. Akwai wanda iyakarsa ataya da ludo, akwai wanda ƙwaya ke yawo a cikinsa, akwai wanda ya zama sansanin wani babban mutum. Ka tuna Janairun 2022, da ɓangarori biyu suka gwabza da adduna da bindiga a nan Nima da rana tsaka, bidiyon ya zagaye ƙasar nan. Mu da muke sana'a a bakin hanya muka kwashe kayanmu da gudu. Bayan nan ɗan Nima ya je neman aiki ko haya a wata unguwa, da ya faɗi inda ya fito sai a sake kallonsa. 'Yan kaɗan suka yi, dukanmu muka sha.

To idan ka ɗebi yara daga wannan bes ka ba su riga da sanda da usur, na wancan bes ɗin fa? Sun zama waɗanda ake yi wa sintiri ke nan. Kuma wa zai zaɓe su? Idan masu yi maka kamfen ne yau za su zama masu tsaronmu gobe, to an ba kura ajiyar nama. Mun ga yadda irin wannan ke farawa. Yau sintiri, gobe su ke karɓar kuɗin ban-ɗaki, jibi an haya su su tsare filin wani a bayan gari, ranar zaɓe kuma a loda su a mota. Ranar 31 ga Janairun 2019, nan kusa da mu a Ayawaso West Wuogon, aka harbi mutane a zaɓen cike gurbi. Abin da ya biyo baya shi ne kwamitin bincike na Emile Short, sannan a shekarar majalisa ta yi doka mai lamba 999 da ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa da masu gadin fili da makami. Hukuncinta ɗauri ne na shekaru. Idan abu ya ɓaci, mai ba da riga yana gidansa, ɗan mai wace ne zai kwana a kurkukun Nsawam.

Ba mu ce kada a yi sintiri ba. A yi shi ta hanyarsa. 'Yan sanda suna da sashen hulɗa da jama'a, su ke tantance kwamitin tsaron unguwa su horar da shi. A bi ta wurinsu. Sunan duk wanda zai shiga a karanta shi a masallaci, a liƙa a ƙofar sarkin unguwa mako biyu, mai ƙorafi ya kawo. A sa dattawa a ciki, a sa mata a cikin masu sa ido, domin mu muka san wane yaro ne ke dukan uwarsa. Kada su riƙe makami, kada su daki kowa. Wanda suka kama su miƙa shi ofishin 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Kuma kada sunanka ko hotonka ya hau rigarsu.

Ga kuma ƙwaya, wadda takardarka ta ba ta layi ɗaya tak. Tun wajen 2018 ake kukan tiramol a ƙasar nan. Wanda likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke hannun yaranmu mai 225 ne ko 250, yanzu kuma ga wadda suke kira Red. Da asuba ina ganinsu: yaro a tsaye yana barci, ya lanƙwashe kamar mai ruku'u, yawu na zuba. Waɗansu ba don shaƙiyanci suka fara ba. Mai tura baro, mai okada, mai dakon siminti, ya sha don jiki ya daina ciwo ya ƙara awa biyu yana aiki, daga nan ta kama shi. Kowa a unguwar nan ya san tebur da kwantenar da ake sayarwa. Ba a faɗa ne saboda mai sayarwar ɗan wane ne, ko ƙanin wance. Kai da kake neman kujera, za ka iya faɗa? Uwa idan ɗanta ya kamu ba ta san inda za ta kai shi ba, sai ɗaurewa a ɗaki ko rubutu. Muna son wanda zai kawo ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa su zauna da iyaye a nan cikin unguwa, su faɗa mana da Hausa abin da ake yi da inda ake zuwa.

Lungunanmu kuma kullum ƙara tsukewa suke. Wannan ya fito da matakala, wancan ya dasa kwantena, wani ya ja katanga taku biyu cikin dare. Bara wata maƙwabciyata naƙuda ta zo mata da gardama, jini ya ɓalle. Motar da aka kira ta tsaya a bakin titi don babu ta inda za ta shiga. A kan ƙyauren ɗaki aka ɗauko ta, maza huɗu, a wani wurin sai da aka karkata ƙyauren ana riƙe da ita kada ta zame. Allah ya yi da sauran kwananta, ita da jaririyar. Ka ɗauka gobara ce. A nan gida manne da gida, wayoyin wuta kamar saƙar gizo-gizo, tukunyar gas a kowane ɗaki. Wannan aikin asambuli ne tsantsa, domin ita ke ba da izinin gini, ita ke da ikon hanawa. Sai dai aiki ne da ke jawo baƙin jini, shi ya sa kowane asambulman ke kau da kai.

Gwata ba sai na yi dogon bayani ba, a bakinta ka girma. Abin da muka zuba a nan shi ke gangarawa rafin Odo ya tafi tafkin Korle. Waɗanda suka ga kwalarar 2014, da ta kashe sama da mutum 200 a ƙasar nan, da daren 3 ga Yunin 2015 da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, kimanin mutum 150 suka tafi, ba sa buƙatar wa'azi. Laifinmu na ciki, ban musa ba. Amma macen da mai aboboya, wato keken kwasar bola, ya ce sai ta biya kafin ya ɗauki bolarta, alhali kwantenar asambuli ta cika ta tumbatsa tun makon jiya, ina za ta kai? Mun ji tun 2019 Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 200 don shirin GARID na maganin ambaliya, kuma Nima na cikin unguwannin da aka ambata. Mu dai muna son wanda zai je ya tambayo ya dawo ya faɗa mana wane lungu ke ciki, wane ba ya ciki, yaushe, kuma wa za a taɓa wa gida.

Sai tausayi. Shinkafar azumi sadaka ce, Allah ya karɓa, ba za mu mayar ba. Amma tsohuwa tana ci wata goma sha biyu ne. A bayan gidanmu akwai wani dattijo, tsohon mai gadi, ya zo daga arewa tun yana saurayi, ba ɗa ba jika. Sai da ya kwana biyu bai fito ya karɓi kokonsa ba na aika a duba, aka same shi a ƙasa, ɓarin jikinsa ya mutu. Katin inshorar lafiyarsa ya ƙare shekara uku, alhali wanda ya kai 70 ba ya biyan kuɗin shekara, kuma ana sabuntawa ta waya da *929#. Ba wanda ya taɓa faɗa masa. Tun 2008 akwai tallafin LEAP na tsofaffi marasa mai taimako da naƙasassu da marayu, akwai kuma kason naƙasassu a cikin kuɗin da gwamnati ke turo wa kowace asambuli. Mutum nawa ne a unguwarmu suka san ƙofar da ake bi? Takardun da Turanci suke, ofishin kuma sai ka san wani. Da za ka zauna da 'yan yunit kwamiti, wato zaɓaɓɓun kwamitin unguwa biyar ɗin nan, ku bi gida-gida ku rubuta tsofaffin da ke kwana su kaɗai, da makafi da guragu, ku duba katin kowa, da ka yi abin da ya fi buhu ɗari. Ba ya cin ko sidi, sai takalmi.

Kada kuma ka manta da 'yan matan kaya, masu dako a ka, da ke kwana a barandar shaguna kusa da kasuwa don ba su da ƙuri'a a nan. Da asuba su ne farkon masu sayen kokona. Abin da ke samunsu da dare, in na faɗa a nan jikata ba za ta iya bugawa ba.

Ɗana, mun san girman kujerar da kake nema, mun san ƙanƙantarta. Ba kai ke riƙe da kuɗi ba. Shugaban asambuli shugaban ƙasa ke naɗa shi, ku naku ku amince da kashi biyu cikin uku. Har kashi 30 cikin 100 na 'yan zauren ma naɗa su ake yi. Abin da ake ba asambulman bai taka kara ya karya ba, ga suna da aure da jana'iza kowa na kallon aljihunsa. Shi ya sa idan muka ji ɗan takara na alkawarin abin da sai minista, mukan san ko bai san aikin ba ko yana raina mana hankali. Tun 2018 aka yanke mana asambulinmu ta Ayawaso ta Gabas daga babbar ta Accra, aka ce don mulki ya matso kusa da mu. An kafa Asusun Raya Zango a 2017. Ofisoshi sun matso, gaskiya ne. Abin da ya rage shi ne mutumin da zai riƙa shiga yana fitowa da labari.

Kuma doka ta riga ta faɗi aikinka. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ce ɗan asambuli ya gana da mutanensa kafin kowane zama, ya kai ra'ayinsu, ya dawo ya faɗa musu abin da aka yanke. A shekaru 31 ban taɓa ganin an kira mu irin wannan zaman ba, sai dai taron neman ƙuri'a. Shi ya sa zaɓen asambuli, har na Disambar 2023, ba ya tara mutane; rumfar zaɓe sai ka ga ma'aikata na hamma. Tsarin mulkin 1992 ya hana jam'iyyu shiga wannan zaɓen, amma ko yaro ya san wa ke bayan wa. Mu a adashinmu akwai 'yan lema ta NDC, akwai 'yan giwa ta NPP, kuma layi ɗaya muke bi a ban-ɗaki.

Ga abin da muke roƙo, kuma muna son amsarsa a rubuce kafin ranar zaɓe.

Ka janye maganar rundunar sintiri yadda ka tsara ta, ka dawo da ita ta hannun 'yan sanda da sarakuna da limamai, da mata a cikin masu tantancewa. Kuɗin da ka ce wani zai ba ka na kyamara, ka faɗi ko wane ne, sannan a fara sayen fitilu masu aiki da hasken rana a kafa a hanyoyin ban-ɗaki da kwanonin da za mu nuna maka. A cikin wata uku na farko ka ƙirga sandunan fitilar da suka mutu, ka liƙa lissafin inda kowa zai gani. Ka faɗa mana wa ke riƙe da ban-ɗakunan gwamnati na yankinmu, nawa suke tarawa, nawa ke shiga asambuli, kuma ka nemi a bar ɓangaren mata a buɗe da haske da mace mai tsaro duk dare. Ka tsaya a kan masu gidajen da suka mai da ban-ɗaki ɗakin haya, ko da ɗan'uwanka ne. A zaɓi lungu biyu ko uku da mota za ta iya shiga, a shata su, kada a sake barin kowa ya ci ko taku ɗaya. Rajistar tsofaffi da naƙasassu a gama ta kafin azumin farko. Taron da doka ta ce, a yi shi da Hausa, a fassara wa wanda ba ya ji, a lokacin da mata suka sauka daga sana'a, kuma a ba mu makirfo kafin a kira sallah.

Idan ka ga akwai wanda ba za ka iya ba, ka faɗa tun yanzu, ba za mu riƙe ka ba. Wanda ka ce za ka yi kuwa za mu ajiye takardar a cikin akwatin adashi, inda ba abin da ke ɓata.

Abu na ƙarshe. Ranar Alhamis mai zuwa ka zo teburina ƙarfe uku da rabi na dare. Kada ka zo da masu ganga, kada ka zo da mai ɗaukar hoto. Mu huɗu za mu jira ka, mu bi da kai daga ƙofarmu zuwa ban-ɗaki, mu dawo ta bakin gwata, mu leƙa barandar da 'yan matan kaya ke kwana. Ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa. Tocila kuma ka bar ta a gida, don ka ga hanyar yadda take. Idan mun dawo kokon ya yi, zan zuba maka, amma wannan karon za ka biya.

Wassalam.

Uwarka mai koko,
a madadin matan adashin ranar Lahadi,
Nima, Accra.